Ranar da na ji muryar Grace Bumbry

Asabar, Bayreuth, Jamus.

Na kwana da niyyar yau zan zauna a kan babi na uku na kundin digirina, amma ko layi ɗaya ban ƙara ba. Tsohuwar da nake haya a saman gidanta ce ta ɓata mini lissafi. Na sauko da shara wajen ƙarfe tara, sai ta tare ni a gindin matakala, wai in zo in taya ta sauke wasu kwalaye daga kan kabad. Ta haura tamanin, ina ni ina cewa a'a.

Kwalayen cike suke da faya-fayan garmaho, duk ƙura. Muna cikin karkaɗe su ta zaro wani akwatin faifai da gefensa ya cinye, ta ɗora yatsa a kan wani suna.

“Kin san wannan matar?”

Na ce ban san ta ba. Ta riƙe haɓa. “Shekara biyu kina garin nan ba ki san Grace Bumbry ba? Zauna.”

Na zauna, ta kawo gahawa. Ni dai abin da na sani game da opera bai wuce cewa wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe ba, kuma duk ƙarshen Yuli garin nan yakan cika da baƙi masu baƙaƙen kwat da suka zo bikin Richard Wagner, shahararren mai tsara kiɗan opera na Jamus. Ban taɓa jin abin ya shafe ni ba. Jami'a ce ta kawo ni, inda har Hausa ake koyarwa, kuma iyakata ke nan.

Ta ce a 1961, lokacin tana budurwa, garin nan ya ɗauki zafi. Wieland Wagner, jikan mai kiɗan, ya ɗauko wata baƙar fata 'yar Amurka mai shekara 24 ya ba ta matsayin Venus, gunkiyar soyayya, a wasan Tannhäuser. Kafin ita babu baƙar fatar da ta taɓa rera waƙa a dandalin nan. Wannan fa garin da Hitler yake zuwa kallo ne, yana sauka wajen iyalan Wagner kamar ɗan gida, kuma shekara 16 kacal da gama Yaƙin Duniya na Biyu. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa. Wieland ya ƙi janyewa, ya ce kakansa launin murya ya rubuta wa kiɗa, ba launin fata ba. Daren farko aka yi kusan rabin awa ana tafi, labule ya buɗe ya rufe sau 42. Tsohuwar ba ta samu shiga ba, a waje ta tsaya tana kallon motoci. Ta ce mahaifinta ya yi mako guda yana gunaguni a kan tebur. Ta faɗi wannan tana kallon kofinta, ni ma ban tone ba.

Bayan azahar na sa rigar sanyi na hau tudun da gidan wasan yake. A rufe na same shi. Ginin jan bulo ne, ba wani ado, tun 1876 yake nan. A lambun da ke ƙasansa, kusa da mutum-mutumin kan Wagner, akwai alluna masu ɗauke da hotuna da tarihin mawaƙa, yawancinsu Yahudawa, waɗanda aka ware ko aka kora, wasu ma aka kashe. Na karanta uku ko huɗu, sanyi ya kore ni zuwa wani benci mai rana, na buɗe waya na shiga neman labarin matar.

A St. Louis aka haife ta, jihar Missouri, ranar 4 ga Janairun 1937. Uban ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma a coci ta fara waƙa. Tana budurwa ta ci wata gasar gidan rediyo, cikin kyautar har da gurbin karatu a makarantar kiɗa ta garin. Makarantar ta ƙi ta zauna aji ɗaya da fararen fata. A nan na daɗe ina kallon wayar. Ka ci gasa a garinku, a ba ka kyauta da dama a karɓe da hagu. Daga baya ta fito a shirin talabijin na Arthur Godfrey, hanya ta buɗe, ta tafi Boston karatu, sannan ta haɗu da Lotte Lehmann, babbar mawaƙiyar Jamus da ta bar ƙasarta zamanin Nazi ta koma Amurka. Ita ta raine ta a waƙa. Wato wadda Jamus ta rasa ce ta horar da wadda za ta zo ta girgiza Bayreuth. A 1960 ta fito a gidan opera na Faris, a 1962 kuma Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka na lokacin, ta gayyace ta fadar White House. Sai da Turai ta tafa mata tukuna gida ya waiwayo.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne rabon matsayi. Muryarta ita ake kira mezo-sofrano, wato ta tsakiya a muryoyin mata, ba siririya can sama ba, tana da kauri da duhu. To a al'adar opera, mai siririyar murya ita ce amarya abar tausayi, mai muryar tsakiya kuwa sau da yawa ita ce kishiya, ko mayya, ko mai raba aure. A wasan Aida ita ce Amneris, gimbiyar da ke kishi da baiwarta a kan namiji ɗaya. Ashe ko a Turai kishiya ba ta da farin jini. Da alama Bumbry ta gaji da zama kishiya, don daga 1970 ta fara ɗaukar matsayin masu siririyar murya, ta yi Salome a Landan, ta yi Tosca a New York. Masu sharhi suka rabu biyu, wasu na cewa ta yi wa muryarta kasada. Ni ban isa in yanke hukunci ba, amma na ji taurin kan ya burge ni. A 2009 aka karrama ta a Cibiyar Kennedy, babban gidan wasanni na birnin Washington, ta rasu a Vienna ranar 7 ga Mayun 2023 tana da shekara 86.

Da magariba tsohuwar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta haɗa garmahon. Faifan na 1962 ne, shekarar da Bumbry ta dawo ta sake yin wasan, an ɗauke shi a wannan ginin da na gani a rufe. Hannunta na rawa, sai ni na ɗora allurar. Aka yi ta ƙas-ƙas, kiɗa ya daɗe yana tafiya har na fara tunanin babina. Sai muryar ta shigo. Jamusancina bai kai in kama kalmomin ba, amma na gane mace ce take lallashin namijin da ya ƙudurta tafiya, daga lallashi ta koma faɗa. Muryar daga ƙirji take fitowa, mai nauyi, idan ta hau sama kuma ba ta sirancewa. Tsigar jikina ta tashi. Na saci kallon tsohuwar, idonta a rufe, leɓenta na bin waƙar.

Da na hau sama na kira Hajiya, na kara mata wayar a kan ɗan abin da na naɗa. Ta saurara shiru.

“Wannan lafiya take kuwa?”

“Waƙa ce, Hajiya. Mijin ne zai tafi ya bar ta.”

“Ayya, baiwar Allah. To ke kin ci abinci?”

Ban ci ba. Akwai sauran shinkafar jiya a firji, bari in ɗumama. Faifan yana nan a kan teburina, wai in riƙe shi zuwa Litinin, ko da yake ba ni da abin juya shi.