Guzurin Makka da inda yake zurarewa

A bara na raka mahaifiyata Umara daga ƙauyenmu da ke gefen Ringim, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai bayan ibada shi ne yadda guzurin mutanen karkara yake narkewa tun kafin a fara sayen tsaraba. Wanda ya sayar da bijiminsa ko buhunan riɗinsa ya haɗa kuɗin tafiya bai kamata rashin sanin lissafi guda ɗaya ya cinye masa guminsa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka a kan riyal 3.75 kowace dala, saboda haka dala 100 riyal 375 ce, ba ta hawa da sauka irin yadda naira take yi mana, musamman daga watan Yunin 2023. Mai canji zai cire ɗan abin da zai ci, wannan haƙƙinsa ne, amma wanda ya miƙo maka 350 ya cuce ka. Tun muna cikin jirgi na sa Inna ta haddace wannan adadi.

Amfaninsa ya bayyana a kwana na biyu a Makka. Wani matashi mai jin Hausa ya tare ta a ƙofar masauki yana cewa, "Hajiya, kawo na canzo miki, kada ki sha rana." Ta dafe lalitarta da ke ɗaure a ƙugu, ta tambaye shi nawa zai kawo mata a kan ɗari, da ya ce 340 sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana yana ciki." Irin waɗannan masu tare hanya su ne babban haɗari ga tsofaffinmu, domin takardun dala duk girmansu ɗaya, kuma wanda bai iya karanta lamba ba ana iya musanya masa ɗari da ɗaya bai ankara ba. Alamar da na nuna mata ita ce shuɗin zaren da ke tsaye a jikin sabuwar takardar dala 100, wadda aka fitar a 2013.

Wannan sabuwar takardar ce ya kamata ka nema idan ka je Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge a Kano, sayen dala, domin tsofaffin takardu da ƙananan ba sa samun farashi mai kyau. Ka ƙirga a gaban mai ita, kuma ka tuna cewa duk canjin da aka yi sai an gutsure wani abu, don haka a taƙaita shi. A filin jirgin Jidda ka canza abin mota da abinci kawai, sauran ka bari sai shagunan canji masu lasisi a cikin gari.

Kati kuwa sai an yi masa shiri tun daga gida. A 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, a 2025 wasu suka sake buɗewa tare da iyakance abin da za a kashe, shi ya sa na je reshen bankina a Dutse na tambayi iyakata da cajin kowace cira. Yawanci ana caji ne a kan kowace cira, saboda haka cira ɗaya mai kauri ta fi biyar ƙanana sauƙi. Idan na'urar ATM ko ta mai shago ta nemi ta yi maka lissafi da wani kuɗin da ba riyal ba, ka zaɓi riyal, domin farashin da take bayarwa ya fi na bankinka tsada.

Ranar dawowa muka raba ragowar gida biyu. Takardun riyal na taho da su saboda Wapa na karɓarsu, sulallan kuma Inna ta haɗa ta ƙara sayen dabino wa jikokinta.