Ramin da ke tsakiyar katifata

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau dai na kai kukana. Shekara biyu ke nan da Baba ya saya min katifar nan cikin kayan ɗaki, ƙafa shida da shida, kaurin inci goma, amma tun damina ta lotsa a tsakiya. Kullum da ciwon baya nake tashi sallar asuba.

Ni da Yaya muka ɗaura ta a saman adaidaita sahu, muka nufi shagon dillalin a kasuwar Sabon Gari. Katin garanti na jakata, an rubuta shekara 5 ɓaro-ɓaro, don haka hankalina kwance.

Alhajin ya tarbe mu da fara'a. Ya sa yaransa suka shimfiɗe ta a kan siminti, ya gitta dogon katako a samanta, ya auna zurfin ramin. Bai kai inci ɗaya ba. Na ce, "Alhaji, ai sai an kwanta ake jin sa." Ya ce, "Gaskiyarki Hajiya, amma kamfani ba kowa a kai yake aunawa." Ya juya katin, ya karanta min ƙananan rubutun baya. Aibin da aka yi wajen haɗa ta kaɗai suka ɗauka, ban da laushin da soso ke yi da amfani. Tabon ruwa ko fitsarin yara na soke garantin, ga kuwa tabon 'yata a gefe guda. Sannan dole a kawo rasit, wanda ya ɓace tun a hidimar biki. Wallahi raina ya sosu, don ranar saye babu wanda ya karanta wa Baba wannan, kuma da gumin sa ya biya.

Da ya ga na yi shiru, sai ya ɗauko guntayen soso biyu ya miƙo min. Duka da tauri, amma ɗaya ya fi nauyi sosai. Ya ce tauri ba shi ne ƙarko ba, abin dubawa shi ne kilo nawa soso ke yi a kubik mita guda, wato guntun da tsawonsa, faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne. Katifa kamar tawa, in soson mai kilo 30 ne, za ta kai kilo 25. In mai 18 ne, da ƙyar ta wuce 15. Tawa kuwa Yaya da hannu ɗaya ya ɗaga ta. Nauyin ma ana ha'inci da shi, ana zuba garin alli a cikin haɗin. Na murza gefen wani tsohon soso da ya nuna min, sai ga farin gari a yatsuna.

Muka dawo da ita kamar yadda muka kai ta. Na juya kai zuwa ƙafa, na sa leda a ƙarƙashin zanin gado. Na kira Umma na roƙe ta kar a sayi katifar auren ƙanwata sai ina wurin, rasit ɗin kuma ni zan ajiye.