Wasiƙa daga bakin kogin Luwar zuwa ga 'yan uwana na Garwa

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyaye da 'yan uwa na Garwa da Pitowa da Lagdo, da waɗanda aure ko fatauci ya kai Marwa da Kuseri. Muna nan lafiya a birnin Orleyan na ƙasar Faransa, maigida da yara suna gaishe ku. Sannunku da zafi. Na san yadda Afrilu yake a gida, ana kwana a tsakar gida, ruwan randa ma ya yi ɗumi kafin azahar.

Tun da na tura hotunan 'yar tafiyar da muka yi, tambayoyi ba su tsaya ba. Wane kogi ne wannan? Wajen wa kuka je? Nawa kuke biyan haya? Yaran suna jin Hausa kuwa? Me kuke ci? Gwaggo ta aiko da murya har tana cewa ko wani abu ne ya faru aka kwashi yara aka hau hanya. Babu abin da ya faru, Gwaggo. Hutun makaranta ne na mako biyu da ake ba yara a wannan lokaci, maigida ya ɗauki hutu a wurin aiki, muka bi kogi muna kallo. Zan amsa tambayoyin duka, amma bari in fara da motar da kuka gani, domin ita ce ta fi jawo magana.

Kafin wannan mota ta motsa daga ƙofar gida, takardun da aka tara sun cika jaka. Lasisin tuƙin da mutum ya zo da shi daga gida shekara ɗaya kawai yake aiki a nan bayan an ba shi izinin zama. Maigida ya daɗe yana tuƙi tsakanin Garwa da Ngaundere, amma sai da ya koma ɗalibi. Akwai jarrabawar dokokin hanya, tambaya 40, sai ka ci 35 kafin a ce ka haye. Bayanta ga jarrabawar tuƙin kanta, wadda samun ranar yin ta ma jira ne. Abin da ya tafi a wannan hidima ya haura miliyan ɗaya na sefa, ku lissafa da kanku, yuro ɗaya sefa 656 ne. Da aka ba shi lasisin, da maki 6 ya zo, sai an shekara uku ba laifi yake cika 12, kuma akwai laifuffuka da yawa da ake zaftare maki a kansu. Kyamarar da ke bakin hanya ba ta san ɗan wane ba, babu kuma wanda za ka roƙa. Takardar tara a akwatin wasiƙunka za ka tsince ta. Ita motar tana da takardar mallaka, da inshora, da binciken lafiyarta duk shekara biyu tunda ta wuce shekara huɗu. Yaro kuwa ba ya zama haka nan a baya, sai a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 10.

Duk wannan ban yi ƙorafi da shi ba, don ina ganin amfaninsa a kan hanya. Abin da ke cin raina shi ne takardun zama. Kowane ofishi yana son shaidar inda kake zaune, takardar wuta ta 'yan watannin nan, da takardar haihuwa, da hoto mai ƙa'idarsa. Ba a zuwa a yi layi, sai an nemi rana ta intanet, kuma kana iya kwana kana dubawa babu gurbi. Kafin ranar ta zo, takardar da ka tanada ta tsufa, a ce ka kawo sabuwa. Akwai wata baiwar Allah 'yar Cadi da muke zumunci da ita a nan, harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin sunanta na fasfo da na takardar haihuwa, wannan harafin ya riƙe mata al'amura wata da watanni. Don Allah, duk wadda ta haihu a karɓi takardar haihuwar jariri da wuri, kafin wa'adi ya wuce a koma sai da kotu. A duba yadda aka rubuta sunan tun a gaban mai rubutun, a riƙe wannan rubutun a makaranta da katin ɗan ƙasa da ko'ina. Ko yaron ba zai taɓa barin Garwa ba, ranar jarrabawar gama firamare za a tambaye shi ita.

To, tafiyar. Kogin sunansa Luwar, shi ne mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000, Binuwai ta fi shi da kusan 400. Akwai babbar hanya ta biyan kuɗi da ake gudun 130 a kanta, da mun bi ta da cikin awa ɗaya da 'yan mintoci mun kai birnin Tur. Muka bar ta muka bi ƙaramar hanyar da ke manne da ruwa, muna tsayawa duk inda ido ya so. Gonaki sun yi rawaya shar da furen wata shuka da suke matse mai daga 'ya'yanta, itatuwan da suka yi wata biyar tsirara sun sake toho. Kada hasken hotunan ya ruɗe ku, da safe raɓa takan daskare a gilashin mota, kuma iskar bakin kogi tana shiga ƙashi. Faransawa su kansu suna da karin magana cewa a Afrilu kada ka cire ko zare ɗaya daga jikinka. Tun ƙarshen Maris aka tura agogo gaba, yanzu mun riga ku da awa ɗaya, magariba kuma sai wajen tara saura. Mun yi guzurin dambun nama da shayi a filas, burodi kuwa kowane ƙauye akwai mai gasawa. Akwai tebura a bakin hanya da aka ajiye don matafiya, nan muke ci, mu shimfiɗa darduma mu yi ƙasaru.

Mun ga gidajen sarakuna, Shambor wanda aka fara gininsa a 1519 shi ne mafi girma. Yara sun yi ta ƙirga bututun hayaƙinsa. Ni dai ba shi ya tsaya mini a rai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai zane ne a jikin bango. A Orleyan, a Buluwa, a Tur, a ƙananan ƙauyuka, jikin gada ko kusurwar tsohon gida, za ka ga an sassaƙa layi a dutse an rubuta shekara a gefensa: 1846, 1856, 1866. Iyakar inda ruwa ya kai ke nan a manyan ambaliyoyi uku da suka yi musu ɓarna, shekara goma-goma tsakaninsu. A 1856 ruwan ya haura mita 7 a Orleyan. Wani layin ya fi tsayin maigida ko ya ɗaga hannu. Duk wanda ya ga wannan ruwa da idonsa ya daɗe da rasuwa, amma yaro ɗan firamare da ke wucewa ya san inda kogi yake iya kaiwa. Babbar 'yata ta tsaya ƙarƙashin ɗaya ta ce, "Mama, a Garwa ina namu yake?" Na ba ta labarin 2012, shekarar da aka buɗe madatsar Lagdo ruwa ya ci gidaje da gonaki tun daga wajenmu har Yola da Makurɗi da Lakwaja. Ta ce to a wane bango aka rubuta?

Hanyar da muke tafiya a kanta ma ashe ganuwa ce. Tun ɗaruruwan shekaru suke tara ƙasa a gefen kogin, tudu mai tsawo, yau kwalta ce a samansa, ruwa a hannu ɗaya, rufin gidaje a ɗaya hannun ƙasa da kai. Bayan 1866 suka fahimci cewa ƙara wa ganuwa tsayi ba ya hana ta fashewa, sai suka bar wurare da gangan inda aka rage tsayinta, domin in ruwa ya yi yawa ya zuba a fili ya bar gari. A Buluwa akwai irin wannan fili da mutane suka zo daga baya suka yi gine-gine a cikinsa. Tun farkon shekarun 2000 hukumar garin ta riƙa sayen gidajen tana rushewa, ana mayar da wurin fili. Ko haya za ka kama a unguwar da ruwa kan iya shiga, dole mai gida ya ba ka takarda da ke faɗa maka haka kafin ka sa hannu. Wannan takarda ɗaya ce daga cikin waɗanda na karɓa da farin ciki. Akwai kuma shafin gwamnati da ke nuna yanayin kowane kogi da launi, kore, rawaya, ruwan lemo, ja, kowa yana dubawa a wayarsa.

Mu ma ai muna da wannan sani. Tsofaffinmu sun san inda Binuwai take kwanciya a Agusta da Satumba, sun san fadamar da ake bari don masakwa, sun san inda ba a kafa gida. Sai dai sanin yana bakin tsofaffi, suna tafiya da shi, fili kuma yana tsada, mai saye baƙo ne, mai sayarwa yana son kuɗi, a rani ake ciniki lokacin da wurin ya bushe ƙayau. Abin da ya sami Njamena a 2022 da Yagwa da Kuseri a 2024 kun fi ni sani. Yaya, filin nan da ka ce an yi maka tayinsa da araha ta wajen kogi, ka jira damina ta yi nisa ka je ka gan shi, ka kuma tambayi wanda ya kwana a unguwar a 2012.

Sai maganar yashi. A Tur mun taka wata tsohuwar gadar dutse da wani sashe nata ya rufta a ranar 9 ga Afrilu 1978, gari ya rasa ruwan famfo domin bututun a jikinta yake. Cikin abubuwan da suka jawo haka har da ɗibar yashi da aka yi ta yi a cikin kogin, har gindinsa ya zurfafa, tushen gadar ya raunana. Daga baya aka hana ɗibar yashi a tsakiyar kogin gaba ɗaya. Na tuna masu kwale-kwalen yashi na wajenmu da tifofin da ke jiransu. Sana'a ce, da ita suke ciyar da iyali, ba na cewa a kore su. Amma gadarmu ita ce ke haɗa mu da kudu, ya kamata a san iya tazarar da za a bari tsakaninta da masu haƙa.

Wanka ma an hana a mafi yawan kogin. Ruwan yana da kyaun gani, ga tsibiran yashi, amma yashin yana zaftarewa ƙarƙashin ƙafa. A 1969 yara 19 suka nutse rana ɗaya kusa da birnin Anje, kuma har yau iyaye a nan suna faɗa wa 'ya'yansu. Auta ya yi kuka yana son shiga, ban bari ba. Ya tambaya ko akwai dorina kamar yadda nake ba su labari, na ce nan sai tsuntsaye da manyan tarwaɗa.

A Ambuwaz na yi abin da ban shirya ba, na yi hawaye. A gidan sarautar garin aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, shi da iyalinsa da mabiyansa, bayan ya shafe shekaru yana yaƙi da Faransawa. Mutum 25 daga cikinsu a nan suka rasu, da yawa mata ne da ƙananan yara, an binne su a lambun da ke saman gidan, ana hango kogi daga wurin. Mun tsaya mun yi musu addu'a. Na yi ta tunanin matan nan da suka fito daga ƙasar rana aka kawo su ɗakunan dutse masu sanyi, ba harshe, ba dangi. Ni da nake da na'urar ɗumama ɗaki da waya a hannu na san yadda hunturun farko ya yi mini.

Wannan ya kawo ni ga zamanmu na yau da kullum. Gidan ba a shigo maka, ba ka shiga na kowa sai da alƙawari. Babu maƙwabciyar da za ka miƙa wa yaro ka je kasuwa. Maigida yana fita da duhu, yara suna makaranta tun suna shekara 3 domin doka ce, a can suke cin rana, sai yamma kowa ya dawo a gajiye. Shi ya sa tafiyar ta yi mana daɗi. A mota babu inda kowa zai je, sai hira. Na sa doka cewa Hausa kawai za a yi, na yi musu tatsuniya, babansu ya ba su labarin lokacin da jiragen ruwa ke zuwa tashar Garwa da damina su ɗauki auduga da gyaɗa. Suna ji sarai, amsawar ce takan zame zuwa Faransanci. In kun kira, ku daina biye musu, ku yi musu Hausa ko Fulatanci, ko sun yi shiru ku jira.

Mun tsaya a inda kogin Viyen ya shiga Luwar, muka ƙarasa Somur, inda mutane suka fafe duwatsu suka yi ɗakuna, har da noman naman kaza a ciki. Daga nan muka juyo.

Abinci muna samun naman halal, tuwo da garin semolina nake yi, kuɓewa akwai a shagunan 'yan Afirka da tsada. Haya kuwa ita ke cinye kaso mafi girma na albashi, zan yi muku lissafinta dalla-dalla a wata wasiƙar tare da maganar asibiti.

Kawu, kai da kake cikin dattawan masallaci, ina roƙon abu ɗaya kafin ruwan bana ya sauka. A nemi waɗanda suka san iyakar inda ruwan 2012 ya tsaya a unguwannin bakin kogi, a ja layi a bangon masallaci ko na makaranta, a rubuta shekarar. Kuɗin siminti da fenti da na mai aikin ni zan aiko. Inna kuma, in an sami mai tahowa, kuka da daddawa sun ƙare.

Wassalam, 'yarku a Orleyan.