Talata, ni da NH₄Cl

Yau sanyi ya hana ni wanka da wuri sai da na dafa ruwa, hazo ya lulluɓe Samaru ko bishiyoyin bakin hostel ba a gani sosai. Na sha koko da ƙosai a tsaye na wuce laburaren Kashim Ibrahim, don gobe muna da tes na kemistiri, kuma ni wallahi babin nan na gishirin bes (kishiyar asid) mai rauni shi ya tsaya min a wuya tun makon jiya.

Tambayar ba wani tsawo gare ta ba, wai a nemo pH na 0.1 M NH₄Cl, gishirin amoniyam kulorayid a ruwa. pH ma'auni ne, ƙasa da 7 asid, sama da 7 bes. Ina ganin amoniya kawai sai hannuna ya tafi kan Kb ɗinta, ma'aunin ƙarfin bes, 1.8 × 10⁻⁵, na danna kalkuleta na samu 11.13, har da ja masa layi biyu ina jin kaina. Sai ƙawata da ke gefe ta leƙo ta ce "ke ƙawata, gishirin da HCl ya haifa ne zai ba ki 11? Ai amoniyar kanta kika lissafa." Kunya kamar in nutse, don ma ba a zauren jarrabawa ba ne.

Muka fita waje inda za mu iya magana, ta sa ni na sake daga farko. Cl⁻ ɗan kallo ne, daga HCl, asid mai ƙarfi, ya fito, ba ruwansa da kowa. NH₄⁺, wato amoniyam, shi ne mai rigimar, shi ke miƙa wa ruwa H⁺ ya koma NH₃, amoniya, to kenan Ka, ma'aunin ƙarfin asid, ake buƙata, kuma ba za a ba ka shi ba sai ka raba Kw, lambar da ta shafi rabuwar ruwa, da Kb, wato 1.0 × 10⁻¹⁴ bisa 1.8 × 10⁻⁵, ya ba da 5.6 × 10⁻¹⁰. Daga nan, idan x shi ne yawan NH₄⁺ da ya rabu, Ka daidai yake da x² bisa 0.1 − x, na watsar da x ɗin ƙasa tunda bai taka kara ya karya ba, x ya fito 7.5 × 10⁻⁶. Shi ne yawan H₃O⁺, shi ne kuma na NH₃, NH₄⁺ yana nan kusan 0.1 ɗinsa, ko kashi 0.01 cikin ɗari bai rabu ba balle kashi 5 da in an wuce shi ba a watsar da x. pH 5.13. Ga shi har wutsiyar .13 ɗin iri ɗaya da amsata ta farko, kamar da gangan.

Da magariba Baba ya kira, muka gaisa, ya shiga zancen gona wai takin zamani yana gajiyar da ƙasa. Na ce masa Baba ai amoniyam ɗin ciki ne, ƙwayoyin halittar ƙasa suna mai da shi naitiret su saki asid, ya yi dariya ya ce to malama a dai ci jarrabawa tukuna.

An ɗauke wuta, da tocilan waya nake rubutun nan. Saura amoniyam asitet, na ga Ka na asitik asid ɗin da ya haife shi da Kb na amoniya duk 1.8 × 10⁻⁵ ne, ina zargin 7 zai ba ni amma ba zan ja layi ba sai na lissafa da asuba.