Zazzaɓin Kano a garin Upsala

Cikin takardun da aka nema wajen bizar Suwidin, babu wadda ta ba ni haushi kamar ta inshorar lafiya. Dokar ƙasashen Shengen ce, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, duk baƙon da zai shiga sai ya nuna inshorar da za ta iya ɗaukar kuɗin magani har Yuro 30,000. Na biya ina gunaguni. Mako uku kacal zan yi, na ce, kuma a lokacin sanyin da ko ƙuda ba ya tashi, wace cuta ce za ta same ni? Ashe sauron unguwarmu ya riga ya yi mini guzuri ban sani ba.

A farkon Nuwamban 2024 na sauka a filin jirgin Arlanda, bayan yada zango a Addis Ababa. 'Yar yayata da mijinta suka tarbe ni, su biyun karatu suke a jami'ar Upsala, wadda aka kafa tun 1477. Jirgin ƙasa bai cika minti ashirin ba ya ajiye mu a tsakiyar gari. Kogin Fyris ya raba garin biyu, hasumiyoyin babbar majami'a sun yi wa komai rumfa, kekuna kuwa kamar an zubo su daga buhu. Abin da ya fi rikita ni shi ne rana. Kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, ka idar da la'asar ke nan ko carbi ba ka gama ja ba sai wata sallar ta shigo.

Rana ta biyar jikina ya canza. Ciwon gaɓoɓi, ɗacin baki, sanyin da bargo uku bai kore shi ba, can kuma gumi. Na san wannan baƙon kamar yunwar cikina. Ban gaya wa kowa ba, na zura rigar sanyi na nufi kantin magani da na gani kusa da tashar mota, wanda suke kira apotek. A raina, lissafin gida nake yi: in faɗi sunan magani, a miƙo, in biya, in dawo in kwanta.

A bakin ƙofa akwai wata 'yar na'ura da ake cirar lamba, sai lambarka ta fito a allo sannan ka matsa. Da layi ya zo kaina na ce wa matar ina son maganin maleriya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ba a bayar da shi sai likita ya rubuta. Rubutun ma ba a takarda yake zuwa ba, likita ne ke aika shi ta kwamfuta, kowane kantin magani a ƙasar ya gani. Abin da kawai ta iya sayar mini shi ne Alvedon, wato farasitamol ɗinsu. Amma kafin in juya sai ta ce, idan da gaske zazzaɓin ƙasar zafi nake zargi, kada in kwana ban kira 1177 ba.

Na fito ina ƙunƙuni, ina tuna mai kemis ɗin layinmu da ko bashi yake ba ni. Daga baya na fahimci tsaurin nasu ba na yau ba ne. Tun 1986 Suwidin ta haramta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don su yi ƙiba, kuma tun 1995 suke da wani shiri mai suna Strama da ke sa ido kan yadda likitoci ke rubuta irin waɗannan magunguna. Mu da ake sayar mana da kafso a faranti a tasha, sai dai mu yi shiru.

Da na koma gida 'yar tawa ta taɓa goshina, ta zaro ido.

"Kawu, tun yaushe? Kuma ka fita kai kaɗai a wannan sanyin?"

Na ce ta samo mana tasi mu je asibiti kawai. Ta ce, "A nan ba a faɗa wa asibiti haka nan, Kawu. Waya ake fara yi."

Lambar 1177 layi ne da ma'aikatan jinya ke amsawa dare da rana, su saurari abin da ke damunka, su gaya maka inda za ka nufa. Ciwon yau da kullum ana kai shi ƙaramin asibitin unguwa ne, vårdcentral, inda sau da yawa sai an ba ka rana da lokaci. Sashen gaggawa na babban asibiti na mai tsananin ciwo ne, 112 kuma ta rai kwakwai mutu kwakwai. Da wayarta muka kira, domin layin waje ba ya shiga gajeriyar lambar, sai an bi ta +46 771 11 77 00. Muka ɗan jira, wata mata ta ɗauka, muka yi Turanci. Tana tambaya a natse, zafin jiki nawa, akwai tari, akwai amai. Da na ce kwana biyar ke nan da baro Najeriya, sai muryarta ta sauya. Ta ce in tafi sashen gaggawa yanzu yanzu, kuma kalmar farko da zan faɗa a wurin ita ce daga inda na fito.

A ƙofar asibitin akwai kwando cike da wasu ledoji shuɗɗa da ake sa wa takalmi don kada a shigo da laka. Na tsaya ina kokawa da su jiri na ɗiba ta, har surukin nawa ya durƙusa ya saka mini. Sai teburin karɓar marasa lafiya, da tambayar da duk ƙasar ta rataya a kanta: personnummer. Lamba ce da ta ƙunshi ranar haihuwarka da wasu alƙaluma huɗu, hukumar haraji ta Skatteverket ce ke bai wa wanda zai zauna shekara ɗaya ko fiye. Da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake samun BankID, wato shaidar tantance mutum ta intanet, da shi kuma ake shiga shafin 1177 a ga sakamakon gwaji ko a nemi ganin likita. Baƙo irina ba shi da ko ɗaya. Na ɗauka nan za a ce in koma gefe. Matar dai ta karɓi fasfo, ta danna 'yan maɓallai, ta ƙirƙiro mini lambar wucin gadi da suke kira reservnummer, ta ɗaura mini ita a wuyan hannu.

Batun kuɗi ta faɗa mini shi ba ɓoye-ɓoye. Larduna 21 ne ke tafiyar da asibitocin ƙasar da kuɗin haraji, don haka mazaunin gari ɗan abu kaɗan yake biya, kuma a 2024 idan abin da ya kashe wajen ganin likita ya kai kurona 1,400 cikin wata goma sha biyu, sauran ziyarar kyauta ce har wa'adin ya cika. Ɗan Tarayyar Turai yana nuna katinsa na lafiya a yi masa kamar ɗan gida. Wanda ya zo daga waje kuwa cikakken kuɗi zai biya. Nan na tuna takardar da na yi wa gunaguni, tana can ƙasan akwati.

Ɗakin jira ya ba ni mamaki. Tsit, kowa shi kaɗai da wayarsa. Babu tabarma, babu kulolin abinci, babu ayarin 'yan dubiya da ke cewa sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Gaskiya na yi kewar hayaniyar tamu a wannan daren. Kuma ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba. Ma'aikaciyar jinya ta auna ni, ta shigar da ni gaban wani dattijo mai naɗaɗɗen hannu da na tarar a zaune, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba.

Likitar yarinya ce, da sunanta na yanka ta gabatar da kanta, ba dakta ba komai. Ta tambaya ko ina buƙatar tafinta, domin wanda ba ya jin harshensu ana samo masa kyauta, ko ta waya ne. Na ce Turancina zai wadatar. Aka ɗebi jini. Sakamako ya fito, falsifarum ne, nau'in da ya fi yawa a wajenmu kuma ya fi kisa. Ta ce zan kwana su ga yadda jikina zai karɓi magani, kuma doka ta wajabta mata sanar da hukumar kula da cututtuka masu yaɗuwa. Zazzaɓin da nake zuwa aiki da shi a gida, ga shi an rubuta shi a kundin ƙasa.

Da aka kawo maganin, surukina ya juya kwalin yana karantawa, sai ya fashe da dariya. Riamet aka rubuta, amma haɗin ciki shi ne artemether da lumefantrine, wato Coartem ɗinmu ne sak, kamfani ɗaya, Novartis. Ƙwaya huɗu sau shida cikin kwana uku. Bambancin kawai, ma'aikaciyar ta tsaya a kaina da kofin madara, ta ce maganin ba ya shiga jiki sosai sai da abu mai maiƙo. Shekara nawa ina haɗiye shi da ruwan leda.

Da na warware, suka kai ni babbar majami'ar nan, inda kabarin Carl von Linné yake, mutumin da ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai da dabbobi sunayen kimiyya. Digirinsa na likita a 1735 a kan wannan zazzaɓin ya yi shi, domin a zamaninsa yana addabar ƙauyukan yankin, shi kuma ya ɗora laifin kan yumɓun da ke cikin ruwan sha. Na daɗe tsaye a kan dutsen kabarin, ƙafafuna ba su gama ƙwari ba.

Takardar kuɗin asibiti ta iso gidan 'yar tawa kwana biyu kafin in taso. Na buga lissafinta da naira sau ɗaya, ban sake ba. Ta ɗauki hotonta da na rahoton likita ta tura wa masu inshora, sannan ta cusa ragowar Alvedon a aljihun jakata.

"Kawu, in ka isa ka ce wa Umma a sake maka gidan sauro."