Bangon da muka sa wa rigar leda

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullai. Shekara shida ke nan ina riƙe da tsohon ɗakin shanun nan na wani ƙauye kusa da Sarlat, a yankin Dordogne na Faransa, tun yana da busasshen kashin shanu a ƙasa da jemagu a rufi, har ya zama gidan da masu hutu ke biyan kuɗin mako su sauka, abin da Faransawa ke kira jit. ’Yan’uwa masu irin wannan aiki, ba sai na ba ku labarin Asabar ɗin Yuli da Agusta ba, baƙi su fita ƙarfe 10, wasu su shigo ƙarfe 4. Maganar bango zan yi.

Mai gidan ’yar Ingila ce, cikin tarin ’yan ƙasarsu da suka sayi gidajen ƙauye a yankin. Ni kuwa karatu ya kawo ni birnin Bordo na Faransa daga Damagaram, kuɗi suka ƙare, na samu aikin. Da tafinta na fara, don Faransancinta bai wuce gaisuwa da sayen burodi ba. Kafin a jima kowace takarda ta hannuna take bi, har neman izinin gini a ofishin magajin gari, tunda ba a mayar da ɗakin dabbobi mazaunin mutane a huda masa tagogi sai da izini.

Kaurin bangon ya kai santimita 60. Farin dutsen yankin ne aka jera da laka a tsakani, kuma babu abin da ke tare ruwan ƙasa a gindinsa. Irin wannan bango yakan sha danshi daga ƙasa, ya fitar da shi ta fuskarsa, iska ta kwashe. Haka ya rayu tun zamanin kakannin manomin da ya sayar da shi.

Magini na farko, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce yaɓen farar ƙasa za a yi, hawa uku, kowane hawa a bar shi ya sha iska kafin a ɗora wani. Madam ta lissafa, ta ga Yuli zai wuce ba ta buɗe ba. Sai ta samo wani da ya ce siminti ciki da waje, daɓen kankare har jikin bango, sannan a rufe ciki da allon filasta. Ya fi sauri, ya fi araha.

Na san abin da zai faru. A unguwar Birni na taso, kuma ina yaro kawuna ya samu kuɗi ya yi wa katangar gidan kaka yaɓen siminti, wai ya hutar da mu yaɓen shekara-shekara. Kaka ya dubi aikin ya ce, “Ka sa wa katanga rigar leda.” Damina biyu aka yi, yaɓen ya kumbura, ya ɓamɓaro da naman katangar, muka tarar da cikin ya jiƙe sharkaf. Makuba da maginanmu ke haɗawa da kwasfar ɗorawa tana kore ruwan sama, amma tana barin katanga ta yi gumi. Siminti ba ya bari.

A zaman da aka yanke shawara, ni ne a tsakiya ina juya magana. Madam ta juyo ta ce, “Kai me ka gani?” Na ce, “Yadda kika ga ya dace, Madam.”

Na sha ba kaina uzuri. Takardar zamana a ƙasar tana rataye da aikin. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Amma gaskiyar ita ce kunya ce ta kama ni: ɗan gidan laka, me zai koya wa Bature a kan dutse? Na ɗauka abin da na sani ilimin talauci ne, ba ya tsallaka teku.

Lokacin hutu na farko lafiya lau, hotuna suka yi kyau. Da sanyi na biyu ya shigo sai wani farin abu kamar kanwa ya fara tsatsowa daidai gwiwa. Ƙasar wurin ta sha fitsarin shanu shekara da shekaru, danshin da muka tsare ya kwaso gishirin ya hau da shi. Bayan kabad ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Bakin wani katakon rufi da ke cikin bango ya fara ruɓewa. A watan Agusta wasu iyali ’yan Holan suka tattara kayansu ranar Laraba, suka rubuta a intanet cewa gidan warin rijiya yake.

Madam ta zo daga Ingila, ta tsaya a falo ta ce ban buɗe tagogi da sanyi ba. Da na tuna mata wanda ya zaɓi siminti, sai ta ce, “Kai ne kake nan. Kai ya kamata ka gaya min.” Ta zare kuɗin da aka mayar wa ’yan Holan daga ladan ƙarshen shekarata. Har yau ban yafe wannan ba, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne rabin maganarta gaskiya ce.

Da aka kulle Faransa ranar 17 ga Maris 2020, babu baƙo, babu inda za a je. Na ɗauki guduma da kurfi na fara fasa simintin, ni kaɗai, taku-taku. Bayan an sassauta a watan Mayu na je na ba dattijon nan haƙuri. Bai ce komai ba, washegari sai ga shi da buhunan farar ƙasa. Shi ya koya min awon, kusan ɗaya na farar ƙasa uku na yashi, da jiƙa dutse kafin a watsa yaɓe, da kare shi daga rana kada ya bushe da gaggawa. Muka yanke kankaren da ke jikin bango, muka haƙa lambatu a waje muka cika da tsakuwa. Da na ba shi labarin makuba ya ajiye cokalin gininsa ya sa na maimaita. Bangon ya fi shekara kafin ya bushe.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka tsiyaye ruwan bututu kafin Disamba, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa maka shi. Wurin ninkaya, tun dokar 2003 sai da shinge ko ƙararrawa ko murfi, kada mai gida ya ce a bari sai baɗi. Ramin masai ba ya son ƙyallen goge jarirai, ka rubuta da harshe uku ka manna. Ka riƙa gaida manomin da ke maƙwabtaka da kai, tarakta tasa ce za ta ciro motar baƙonka daga taɓo. Ranar ruwa ka tura baƙi su ga kwafin kogon Lascaux mai zane-zanen mutanen dā. Duk abin da mai gida ya faɗa da baki, ka aika masa a rubuce kafin rana ta faɗi, ko da kuna dariya lokacin da ya faɗa.

Yanzu Madam ta sayar da gidan. Ranar da mai sayen ya zo dubawa, wani mutumin Faris, ya daɗe yana shafa bangon falo da tafin hannunsa, ya ce a bushe yake, wa ya yi wannan yaɓe? Madam ta yi murmushi ta ce da Ingilishi, “Mu muka yi.” Na juya masa da Faransanci yadda ta faɗa, sannan na wuce na buɗe masa ƙofar ɗakin sama.