Ranar da Aka Fara Kirana Mai Kilim a Gombe

Na baro Damagaram bayan an gama girbin shekarar 2022, na bi ta Matamaye na ƙetare iyaka zuwa Daura, na kwana a Kano, washegari na hau motar da ta ratsa Darazo da Dukku ta sauke ni a Gombe bayan la'asar. Kawuna, wanda ya daɗe yana sana'ar hatsi a Tudun Hatsi, shi ne ya sauke ni a shagon ƙofar gidansa, kuma bayan mako biyu ya damƙa ni a hannun wani mai gareji da ke gyaran manyan motoci a bakin hanyar Bauchi. A gabana ya gaya masa cewa na yi shekara bakwai ina koyon wayarin da gyaran sanyin mota. Mai garejin ya dube ni, ya ce aiki ne zai nuna.

Kafin in taso ban ɗauka zan yi baƙunta ba, tunda Hausa ake yi a can, Hausa ake yi a nan, kuma alƙibla ɗaya muke kallo. Amma tun a kasuwa na fara gane cewa na shigo wata ƙasa, domin bakina ya saba da lissafin dala da jika, ga shi kuma dole in riƙa juya kowane farashi daga naira zuwa sefa a zuciyata kafin in san ko da tsada ko da araha. Rabin gaisuwar unguwarmu da Fulatanci ake yin ta. Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da na tarar a gareji. Mu a can sunayen kayan mota daga Faransanci muka aro su, su kuwa nan daga Turancin Ingila. Abin da na sani da kamiyo shi ne babbar mota ko tirela, lakile ya zama sifana, fuzibil ya zama fiyus, kilim kuma, wato abin sanyaya cikin mota, ya zama esi. Kalmar gas kaɗai abu uku take ɗauka a nan: man dizal, da iskar girki, da iskar da ake ɗura wa esi. A cikin dukan kayan aikin, tiyo ne kawai na iske da sunansa na gida.

Idan Oga ya ce in miƙo wani abu, sai in tsaya ina duban akwati alhali na san abin sarai, na kwance shi na ɗaura shi ba sau ɗaya ba, sunan ne kawai ban sani ba. Wanda ya ga haka ba zai yarda ka iya aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na fi shekara ina wankin ƙarafa da riƙe fitila. Na sayi ƙaramin littafi na raba kowane shafi gida biyu, sunan Damagaram a dama, sunan Gombe a hagu, ina bitarsa da dare. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, sai zaman ya ƙara yi mini nauyi, saboda ko da na so komawa in ga mahaifiyata, hanya ta toshe.

A ƙarshen watan Maris na 2024, ana tsakiyar azumi, a irin zafin nan da ƙarfe ba ya taɓuwa bayan hantsi, wani dattijon direba da ke ɗauko siminti daga Ashaka yana kaiwa Yola ya shigo da motarsa, tsohuwar tirela ta hannu da aka shigo da ita daga Turai. Ya ce sau uku ke nan cikin wata biyu ana ɗura masa gas a wurare daban-daban, kowane karo sanyi ya yi kwana biyar ko shida ya ɗauke, yanzu kuma iska mai zafi kawai take busowa. Wanda ke yi mana aikin esi ya tafi ta'aziyya Kaltungo. Na matsa kusa da Oga na ce, "Oga, in ka yarda zan duba." Ya yi jim, sannan ya ce wa direban, "Alhaji, ga yaron nan ɗan Nijar, a bar shi ya gwada."

Maigidana na Damagaram ya koya mini cewa ba a fara aikin kilim da buɗe bututun gas, da tambaya ake farawa. Na ce, "Baba, lokacin da take yin sanyi, a kan hanya ta fi yi ko a tsaye?" Ya ce ko a kwanakin da aka ɗura gas ɗin, da safe a kan hanya tana yi, amma da zarar rana ta take ko ya tsaya a layin lodi sai ta yanke. Wannan amsa ta sa na fara zargin cuta biyu ce a jikin motar.

Fankar cikin mota tana juyawa a dukan matakanta, don haka na ajiye zancenta. Muka ɗaga kan motar, aka tayar da inji, na sa yaron motar ya kunna esi ina kallon kwamfireso, wato famfon da ke matse gas yana zagayawa da shi. Bel yana jan fulin, ba ya santsi, amma farantin gaba bai kama ba, kuma ban ji ɗan ƙaran nan da kulocin kwamfireso yake yi idan maganaɗisu ya ja shi ba. Fiyus lafiya lau, rile ma, wato makunnin da ke tura wa kulocin wuta, na musanya shi da na kusa da shi mai lamba ɗaya, ba abin da ya sauya. Manyan motoci irin wannan da wuta volt 24 suke aiki, batir biyu a jere, saboda haka na ba kulocin wuta kai tsaye na ɗan lokaci, inji a kashe, ya kama da ƙarfi. Ke nan kulocin ba shi da laifi, hana shi wuta ake yi. Abin da ke hana shi kuwa wani ɗan makunni ne da ke kan bututu, wanda ke yanke wutar idan matsin gas ya yi ƙasa ƙwarai ko ya yi sama ƙwarai, don kada kwamfireso ya ƙone. Wasu masu gyara sukan haɗe wayoyinsa biyu su tsallake shi, kuma a ganina wannan cin amanar mai mota ne, domin gas ɗin shi ke zagayawa da man da ke shafa cikin kwamfireson, idan babu shi a bushe zai yi ta juyawa.

Na ɗaura geji mai auna matsin gas, shuɗin tiyo a ɓangaren ƙaramin matsi, ja a ɓangaren babba. Gas ɗin motar R134a ne, wanda ya maye gurbin R12 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina amfani da tsohon saboda illar da yake yi wa sararin sama. A zafin digiri 40, inji a kashe, muddin akwai sauran ruwansa a ciki allurai biyu za su tsaya ne wajen 130 a ma'aunin psi. Wannan adadi ba ya nuna cewa ta cika, amma idan ya faɗi ƙasa sosai ya tabbata kusan babu komai. Na wannan mota ko 30 bai kai ba.

A nan muka saɓa da direban. Ya ce tunda gas ne babu, a ɗura masa ya kama hanya, yana da lodi da asuba. Na ce, "Baba, gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar mai, zagayawa yake yi a rufe. Idan ya ƙare, akwai inda ya fita, kuma in na zuba yau, ta nan zai sake bi." Ya juya wajen Oga ya ce shi bai zo a yi masa karatu ba. Gabana ya faɗi, domin na san idan Oga ya ce a ɗura, zan ɗura, kuma bayan kwana shida za a ce ɗan Nijar ya yi aikin banza. Oga ya ce, "Alhaji, sau uku an yi yadda kake so. Ka bari a yi yadda yake so sau ɗaya."

Kurar siminti ita ta taimake ni. Inda gas ke yoyo, mai ma yana biyo shi, kuma ƙura tana mannewa a wurin ta yi baƙi. Na bi bututun da hannu tun daga kwamfireso, sai na tarar da wani dunƙulen ƙura mai danshi a kan tiyon babban matsi, daidai inda yake gogar wani ƙarfe na jikin shasi, saboda maɗaurinsa ya karye an maye shi da igiyar roba. Muka aro tukunyar naitirojin muka matsa a ciki, domin ba a gwada yoyo da iskar walda, haɗuwarta da mai tana iya fashewa. Na shafa ruwan sabulu, nan take kumfa ya taso ƙanana-ƙanana kamar idon kifi. Na kira direban ya duƙa ya gani da idonsa, bai ce komai ba, ya koma inuwa ya zauna.

Cuta ta biyu tana gaban lagireto. Kwandansa, inda gas ke zubar da zafin da ya kwaso daga cikin mota, ta toshe da simintin da ya sha ruwan wanki ya daskare tsakanin siraran fukafukanta, har idan ka haska fitila ta baya da kyar haske ke fitowa. Iska ba ta ratsawa, matsi ya hau, makunni ya yanke, shi ya sa take ɗaukewa a layin lodi ko da gas a cike. Na fi awa guda ina wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi da burushi mai laushi, domin injin wanki mai feshi lanƙwasa fukafukan yake yi.

An matso sabon tiyo daga kasuwa, na sa sababbin zoben roba, na kuma nace a sauya diraya, wato ɗan tulun da ke tsotse danshi, tunda tsohuwar ta daɗe tana shan iskar waje. Na ja iska da injin zuƙa fiye da rabin awa, na rufe na jira, allura ba ta motsa ba. Na ƙara ɗan mai gwargwadon wanda ya zube, na ɗora tukunyar gas a kan sikelin mai shagon kusa da mu, na zuba daidai nauyin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin motar. Kuloci ya kama, ƙaramin matsi ya sauka ya zauna wajen 35, babban bututun da ke dawowa ya yi sanyi har ya fara raɓa. Ana kiran magariba direban yana zaune a cikin motarsa, ya ɗora tafin hannu a bakin iska. Ya sauko ya miƙo mini dabino uku, ya ce, "Ɗana, me kuke ce wa wannan abin a garinku?" Na ce kilim. A tabarma ɗaya muka sha kunu da ƙosai.

Bayan ƙaramar salla ya dawo tare da wasu direbobi biyu na hanyar Numan, ya tsaya a bakin gareji yana tambaya ina mai kilim. Sunan ya bi ni har masallacin unguwa. Oga ya ware mini gefe guda na rumfa, muka yi yarjejeniyar yadda za mu riƙa raba kuɗin aiki, kuma da abin da na tara na kama ɗaki a Bolari, na bar wa Kawu shagonsa.

A cikin wannan watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, don haka da babbar salla na je Damagaram na yi kwana goma. Na ba maigidana labarin motar tun daga tambayar farko har zuwa sikelin aro. Ranar da zan taso ya shiga ɗakin ajiya ya fito da tsohon sikelinsa na gas, wanda na koyi awo a kansa, ya naɗe shi da buhu ya sa mini a jaka. Shi nake aiki da shi yanzu, kuma yaron da Oga ya ba ni ya koyi aiki, ɗan Kumo, ya riga ya san cewa ba ya taɓa tukunyar gas sai ya fara ɗora ta a kansa.